Gudun Gaisuwa da Albasar Malam Hamisu

Ku da kuka zo mini da agogo mai ƙirga bugun zuciya, ku nemi wuri ku zauna tukuna. Kai mai jar riga, na ji abin da ka raɗa wa ɗan'uwanka, kunnena bai tsufa ba. Wai aikin koci ai hutu ne, mutum ya hau keke ya busa usur, wasu su sha wahala. To sannu da sani. Shekara talatin da ɗoriya ina wannan hutun, tun ina malamin wasanni a firamare har na yi ritaya, kuma har gobe abu ɗaya ne yake ba ni ciwon kai: in sa saurayi mai jini a jika ya yi gudu a hankali. Gudu da sauri kowa ya iya shi. Ku saki kare a bayan kakanku ku sha kallo.

Bari in ba ku labarin Sabi'u, don a kansa na fi zubar da gumi. Ɗan Malam Hamisu ne, malamin allo na ƙauyenmu, wanda yake noman albasa a Watari. Wata safiya bayan an gama ɗaurin gero ya yi mini sallama, dogo siriri, shekararsa ashirin da biyu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi baƙin da ban yi ba, har akuyar da ke ɗaure a gindin darbejiya sai da ya tambayi lafiyarta. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Nan da wata huɗu za a yi tseren kilomita goma, mutum ukun farko za a kai su Kano a ci gaba da horar da su. Mahaifinsa bai so ba ko kaɗan, amma da aka yi ta ba shi baki sai ya ce ya ba shi rani guda. In ya shiga cikin ukun nan, ya tafi da albarka. In ya zo na huɗu, ya rataye kambas ya rungumi injin ban-ruwa, kada a sake ambaton gudu a gidan.

Na ce, "Ka iya gudu?"

Ya ce, "Malam, ba yabon kai ba, ba a taɓa kama ni ba a garin nan."

"Wa ya taɓa bin ka?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya babu, Malam."

Washegari bayan sallar asuba na ce ya ruga zuwa tsamiyar bakin rafi ya dawo, kilomita biyar ke nan. Kafin in ɗora ƙafa a kan feda ya ɓace kamar an watsa masa ruwan zafi. Ni kuwa ban yi sauri ba, don na san inda zan same shi. A kilomita na biyu na tarar da shi zaune a kan kunyar gonar wani, yana mayar da kokon da ya sha, idanu sun fito. Da ƙyar ya ce, "Malam, ina jin zuciyata ta hau wuyana." Na ce ya haɗiye ta, gobe muna da aiki da ita.

Kuna kallon keken nan kuna dariya, to shi ne ofishina. A kasuwar Ɗanbatta na saye shi, kacarsa ta fi wasunku shekaru. Jan tsumman da ke ɗaure a tayar gaba ba ado ba ne, da shi nake awon hanya. In ya zaga sau ɗari huɗu da saba'in da 'yan kai, kilomita ɗaya ke nan. Ina tura keken ina ƙirgawa, kuma ku kun san garin nan, taku ɗari ba ka yi ba sai ga ƙofar wani gida. Kana ɗari uku da goma sha wani abu sai a ce, "A'a, Malam Ilu, ina kwana? Taya ce ta sace?" Kafin ka amsa lissafi ya gudu, sai ka koma farko. Akwai burtalin da na auna sau shida. Kowane kilomita kuma ina yi masa alama da abin da ba ya tashi, tsamiya ko kuka ko rijiya. Sau ɗaya na yi alamar juyowa da rumbun wani mutum, ashe ya rushe shi da yamma. Masu guduna suka yi ta neman rumbu har suka shiga garin da ba su taɓa zuwa ba, aka ba su fura aka nuna musu hanyar gida. Ban da keke sai usur, da jarkar ruwa, da agogon tebur a cikin jaka, mai ƙararrawar da take tashi lokacin da ta ga dama.

Ni ma ba da ilimin aka haife ni ba. A wurin Saje Tanko na koya, wani tsohon soja a Makoda, Allah ya jiƙansa. Na je masa ina taƙama da ƙafa, ina jiran ya ba ni wani sirri na barikin soja. Sai ya nuna mini jakin maƙwabcinsa, mai kai taki gona. Ya ce in an juye mangala jakin ya juyo gida yana sassarfa, in bi shi a baya, kada in wuce shi, kada ya bar ni. Kwana arba'in ina bin jaki. 'Yan matan unguwa suka raɗa mini suna, ba zan faɗa muku shi ba. Da na gaji na ce, "Saje, yaushe za a fara koyon gudun?" Ya ce, "Jakin nan ya taɓa zama a hanya yana haki?" Na ce a'a. Ya ce, "Kai fa?" Na koma bayan jaki.

Amma ɗan Adam da mantuwa. Bayan rasuwar Saje na zama mai gashin kaina, na samu masu gudu goma sha ɗaya, kai ya kumbura. Na aro babur, na jingine keke. Kullum wuta, kullum a guje, safe da yamma, ina bayansu ina danna oda. Duk wanda ya ce ya gaji in ce masa rago. Wannan ita ce shekarar da ba na son tunawa. Kafin ranar tsere shida sun kwanta da ciwon ƙwauri da gwiwa, ɗaya yana barci a tsaye a sahun salla. Huɗun da suka rage suka tashi kamar za su tashi sama, mutane suna tafi, ni ina gyara hula. A kilomita na huɗu na same su su huɗun a jere a inuwa ɗaya. Wata tsohuwa mai tallan daddawa da suka wuce tun farko ta zo ta wuce su, har ta yi musu sannu. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, sati biyu ta bayan gari nake bi in je makaranta.

Mai unguwa ne ya gyara ni, shi da bai taɓa gudu ba sai ranar da kudan zuma suka tashi a maƙabarta. Ya aika aka kira ni. Ya ce dattawa sun kawo ƙara, masu guduna suna wuce mutane fuu babu gaisuwa, kamar ba a gida aka haife su ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba rashin kunya ba ne, numfashin gaisuwar ne babu." Ya ce, "To su rage gudun mana." Na fito ina huci, ina cewa me mai unguwa ya sani game da wasanni. Amma ba a ja da shi, na bi umarni. Na kafa doka, duk wanda aka wuce a gaishe shi cikakkiyar gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, madalla. Wanda numfashinsa ya yanke kafin ya kai madalla, to saurinsa ya yi yawa, ya rage. Bayan wata biyu na duba agogo na ga abin mamaki. Ba mai ciwon ƙwauri, ba mai barci a tsaye, kuma ranar da na sake su suka rufe kilomita biyar da lokacin da ba su taɓa yi ba a zamanin babur. Na mayar wa mai babur kayansa, na share wa kekena sirdi.

Tun daga nan gudu iri uku ne a wurina. Akwai gudun gaisuwa, shi ne abincin kullum, kwana huɗu ko biyar a mako. Akwai gudun sannu, wanda kalma ɗaya kawai za ta iya fita daga bakinka, wannan sau ɗaya ne a mako, in jiki ya yi ƙwari sau biyu. Sai gudun ɗaga hannu, wanda baki ya mutu gaba ɗaya, shi kuwa ajiye shi ake yi sai ƙarshen tsere. Juma'a hutu, ko gudun ruwan sama ban yarda a yi ba. Agogonku mai tsada abin da yake gaya muku ke nan, sai dai shi ba ya amsa gaisuwa.

Da na ɗora Sabi'u a kan gudun gaisuwa na ɗauka na samu ɗalibin da ya fi kowa sauƙi, tunda gaisuwa a jininsa take. Ashe na janyo wa kaina. Ranar farko muka fito, ga wani dattijo yana alwala a ƙofar gida. Sabi'u ya ja birki, ya durƙusa, ya gaishe shi. Ya tashi, taku hamsin, ga wata gyatuma da ƙwarya. Ya sake zubewa. Kafin mu kai rijiya na ƙirga durƙuso goma sha tara. Na ce, "Kai, gudu muke yi ko neman aure?" Ya ce, "Malam, ƙafar ce take lanƙwashewa da kanta." Na nemi hanyar da babu tsofaffi, babu ita a ƙasar nan. Dole na hau keke na bi gida gida ina roƙon dattawa su yafe masa durƙuso na rani guda. Duk suka yafe, ban da Inna Tabawa, wadda ta ce ita ba ta yafe ba, ya tara mata su a wuri ɗaya ya zo ya yi mata bayan tsere.

Wata na biyu abubuwa suka fara kyau, sai kuma na ga lokacinsa yana ja da baya. Fuska ta faɗa, tuwo ya rage ci, barci ya ƙi. Ranar da na tabbata akwai matsala ita ce ranar da akuyata ta lasar masa kambas ya daka mata tsawa. Sabi'u da tsawa! Na zaunar da shi na tsare shi da ido har ya faɗi gaskiya. Ashe in mun gama da safe, sai ya ƙi hawa mota zuwa gonar albasa, ya tafi a guje, ya yi ban-ruwa, ya dawo a guje. Wai yana ƙara wa kansa ne, don gudun da nake ba shi ya yi masa kaɗan. Na ce, "Gonar ubanka kullum ake zuba mata taki?" Ya ce a'a, ai sai ta ƙone. Na ƙwace kambas ɗin na kulle a akwatin matata kwana huɗu. Kullum sai ya zo ya zauna a zaure yana kallon ƙofar ɗakin kamar an tsare masa ɗan'uwa.

Saura mako guda aka nuna mana hanyar tsere. Daga filin firamare za a tashi, a zaga ƙauyuka uku, a dawo ta cikin gari. Na bi ta da kekena ina ƙirga tsumma, sai ga matsala. Kilomita na tara ya faɗo daidai ƙofar gidan Malam Hamisu, inda yake shimfiɗa buzunsa kowace safiya. Dattawan gari sun yafe durƙuso, amma uba daban ne. Na san Sabi'u ko wuta ce take bin sa, in ya ga mahaifinsa sai ya kai ƙasa. Kuma wanda ya durƙusa a kilomita na tara, cinyarsa ba ta sake yarda ta tashi da wuri.

Na je na samu Malam Hamisu, muka gaisa. Na ce, "Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema. Ranar Asabar da safe ko za a ɗan zauna daga cikin gida?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam Ilu, shekara arba'in ina zama a nan. Ruwa bai tashe ni ba, rana ba ta tashe ni ba, sai masu gajeren wando?"

"To ko za a yafe masa durƙuson, na rana ɗaya?"

"Ni ban taɓa ce masa ya durƙusa ba, balle in ce ya bari." Ya mayar da ido kan littafinsa. Na taso ina cewa a raina, tsohon nan albasarsa yake karewa, kuma ya gama da mu.

Ranar Asabar mutum wajen arba'in suka jeru. Na ja Sabi'u gefe na ce, "Kilomita biyun farko, gajeriyar gaisuwa. Daga nan zuwa na takwas, sannu. Abin da ya rage hannu kawai, in ma hannun ya ƙi ɗaguwa Allah ya ga zuciyarka." Maganar mahaifinsa kuwa na bar wa Allah.

Aka busa usur, jama'a suka ɗiba kamar an ce ana rabon taki kyauta a gaba. Sabi'u ya rage a can baya, shi da wani mai tumbi da ya shiga don abokansa sun zuga shi. Yana tafe yana, "Ina kwananku, ina gajiya," mutane suna dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam Ilu, ɗalibinka gaisuwar suna ya zo?" Na yi kamar ban ji ba, ina bin gefen hanya da kekena. A kilomita na uku muka fara tsintar su. Wannan ya riƙe ciki, wancan ya rungume bishiya, wani ya cire takalmi yana duba shi kamar shi ne mai laifin. Sabi'u yana wuce su ɗaya bayan ɗaya yana ce musu sannu, kuma har zuciyarsa yake nufi. A na shida yana na tara. A na takwas ya wuce wani gajere kakkaura ɗan Makoda, ya zama na uku. Amma gajeren nan bai saki ba, yana biye da shi da kamar taku talatin.

Muka karyo kwana, ga Malam Hamisu a kan buzu, da babbar riga da carbi. Na ga kafaɗar Sabi'u ta sauka, taku ya gajarce, gwiwa ta fara lanƙwasa. Na ce inna lillahi, wata huɗu sun tafi.

Sai Malam ya miƙe zumbur. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ko takalmi bai nema ba, ya faɗo kan hanya ya kama gudu. Mutum mai shekara sittin da wani abu! Dabararsa ita ce ba a durƙusa wa wanda yake gudu, kuma ta ci, don Sabi'u ya miƙe. Yana haki ya ce, "Baba... ina kwana..."

"Lafiya lau! Wuce!"

Ina! Sabi'u tunda aka haife shi bai taɓa shiga gaban mahaifinsa a hanya ba. Sai ya koma bayansa ya daidaita taku da nasa, kansa a sunkuye, kamar za su masallaci. Ɗan Makoda yana matsowa, ina jin ƙarar takalminsa. Na manta da duk wani ladabi na kwarma ihu, "Allah gafarta Malam, ƙara wuta! Ko ka kauce!" Malam ya ƙara wuta. Wallahi ban san akwai wannan gudun a jikin tsohon nan ba, hula ta yi nata wuri, carbi ya yi nasa, matan gari suna leƙe ta kan katanga suna salati. Amma ƙarfin ya ƙare nan da nan, ɗan Makoda ya zo ya wuce su su biyun. Malam ya waiga ya gani. Akwai tarin karan dawa a gefen hanya, sai kawai ya karkata ya faɗa ciki gaba ɗayansa, ƙafafu a sama.

Sabi'u ya juya zai ɗago shi. Daga cikin karan muka ji murya, "In ka tsaya ban yafe ba!"

Ban taɓa ganin gudun ɗaga hannu irin na ranar ba, ko hannun ma bai ɗaga ba. Ƙarshen tseren kuwa ban gan shi ba, ni da na yi wata huɗu ina jiran sa, don na yar da keke na tsaya ciro Malam daga cikin kara. Na zaunar da shi a ƙasa, na ba shi ruwan jarka. Na yi masa sannu, ya kasa amsawa, sai hannu ya ɗaga mini. Ganyen dawa a gemu, ƙirji yana sama yana ƙasa. Da numfashi ya ɗan dawo ya ce, "Malam Ilu... nawa na yi?"

Na waiga na dubi inda buzun yake. "Taku ɗari, Malam. Wataƙila da ɗan ɗoriya."

"Shi fa?"

"Kilomita goma. Ban da na wata huɗun da suka wuce."

Ya dubi tafin ƙafarsa. Can sai ga wani mai babur daga wajen filin firamare yana danna oda yana ihu, "Na uku! Sabi'u na uku! A bakin ƙofar fili ya kama shi!"

Malam Hamisu ya sa hannun riga ya share fuska, ya daɗe yana sharewa, fiye da yadda gumin yake buƙata. Sannan ya miƙo mini hannu.

"Ɗaga ni, Malam Ilu. Albasa tana jiran ruwa, kuma daga yau ni ne mai ba ta."